Yadda ake gane ainihin farashin sifika maras waya a wurin kamfanonin sadarwa

Kamfanonin layin waya ba su tsaya ga sayar da layi da data kaɗai ba. A shagunansu da shafukansu na intanet za ka tarar da caja, rigar waya, abin sauraro na kunne, da sifika maras waya ta kamfanoni irin su JBL, Bose, Sony da Ultimate Ears. Sau da yawa an manna mata takardar rangwame, ko a ce a biya kaɗan-kaɗan, ko ma a ce kyauta ce ga wanda ya buɗe sabon layi. Wani lokaci cinikin na gaske ne kuma yana da daɗi. Wani lokaci kuwa mutum zai biya ninki biyu na kuɗinta bai ankara ba, domin an rarraba kuɗin cikin watanni.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, sifikar Bluetooth ba ta da sim, ba a kulle ta a kan layin kowa. Wadda ke shagon kamfanin sadarwa da wadda ke kantin kayan lantarki, in lambar samfurinsu ɗaya ce, to abu ɗaya ne, kuma kowace waya za ta iya haɗuwa da ita. Saboda haka babu dalilin da zai sa ka biya ƙari don kawai kamfanin layinka ne ya sayar. Abin da za ka auna biyu ne: jimillar kuɗin da zai fita daga aljihunka har ranar da ka gama biya, da kuma abin da sifikar take da shi a zahiri. Alƙaluman da za a gani a ƙasa misalai ne na lissafi, ka ɗora su a kan kuɗin da kake ciniki da shi.

Mataki na 1: Samo cikakken suna da lambar samfuri

Kada ka wadatu da abin da aka rubuta a jikin kantar shago. Ɗauki kwalin, juya bayansa ko ƙasansa, ka kwafi sunan da lambar samfurin harafi da harafi. Kamfanoni suna riƙe suna ɗaya shekara da shekaru, lambar ƙarshe kawai suke canzawa. JBL Flip 5 da Flip 6 sun yi kama sosai a ido, amma ta biyar tana da kariyar ruwa kaɗai, ta shida kuma ta haɗa da kariyar ƙura, kuma an ƙara mata ƙaramar sifika ta siririn sauti. Wanda ya kwatanta farashin tsohuwa a wannan shago da na sabuwa a wancan, lissafinsa ya karkace tun daga tushe.

Duba kuma ko sabuwa ce fil, ko wadda aka buɗe kwalinta aka dawo da ita, ko wadda aka gyara aka sake sayarwa. Biyun ƙarshen nan ba laifi ba ne, amma garantinsu yakan gajarta, wani lokaci zuwa kwana 90, don haka dole farashinsu ya sauka sosai.

Mataki na 2: Gano farashin kasuwa, ka manta da wanda aka soke da layi

A nan aka fi yin tuntuɓe. Lambar da aka ja wa layi a kai galibi ita ce farashin da kamfanin da ya ƙera ya ba da shawara ranar da kayan suka fito. Sifika kuwa tana fara sauka bayan 'yan watanni, kuma idan wadda za ta gaje ta ta fito sai ta ƙara faɗuwa. Manyan kantuna sukan bi wannan saukar da wuri, amma wasu kamfanonin sadarwa sukan bar tsohon farashi a rataye, sa'annan su cire rangwamensu daga kansa.

Ga yadda abin yake. An rubuta 150, an ce an yi ragin kashi 30 cikin 100, ya koma 105. Ido zai ga an samu sauƙin 45. Amma idan a wurare uku daban ana sayar da ita 110 kullum, to sauƙin da ka samu 5 ne kacal, bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Ciniki ne mai kyau har yanzu, sai dai ba irin wanda zai sa mutum ya yi gaggawa ko ya amince da wani sharaɗi a kansa ba.

Nemi farashi a wurare aƙalla uku: shafin kamfanin da ya ƙera, da manyan kantuna biyu da aka yarda da su. Kada ka sa farashin ɗan kasuwar da ba a san shi ba a cikin lissafin, domin sifikar jabu ta yi yawa, musamman ta sanannun kamfanoni. In kana son ganin tarihin farashi, shafuka irin su Keepa da CamelCamelCamel suna nuna hawa da saukar farashin kaya a Amazon na tsawon watanni. Daga nan za ka gane ko "ragi na musamman" ɗin nan yana dawowa duk bayan mako shida ne. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun daga 2022 doka ta wajabta wa mai sayarwa, idan ya tallata ragi, ya auna shi da farashi mafi ƙanƙanta da ya sayar a cikin kwana 30 da suka gabata. Inda babu irin wannan doka, kai ne za ka yi wa kanka wannan binciken.

Mataki na 3: Kwance rangwamen, ka ga da me aka ɗaure shi

Rangwamen kamfanonin sadarwa ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne da yadda ake lissafa shi.

Mafi sauƙi shi ne wanda ake cirewa nan take a wurin biya, babu sharaɗi. Wannan ka kwatanta shi da farashin kasuwa kawai ka wuce. In an haɗa ragi biyu, ka sani ba tara su ake yi ba, bi da bi ake cirewa. Ragin kashi 20 sannan na kashi 10 a kan 100 yana komawa 80, sannan 72. Ke nan kashi 28 ne, ba 30 ba.

Sai rangwamen haɗi, wato a ce sayi kaya uku a cire maka kashi 25. A ce sifika 150, rigar waya 40, caja 30, jimla 220, bayan ragi 165. A waje kuwa ana iya samun sifikar 110, riga 15, caja 20, jimla 145. Ko da kana buƙatar duka ukun, ka yi asarar 20. In kuwa sifikar kaɗai ta kawo ka, ka ƙara 55 a kan abin da ba ka nema ba. Kayan haɗin waya na cikin abin da shago ya fi cin riba a kansa, kuma sau da yawa ma'aikaci yana da lada a kan yawan abin da ya sayar. Wannan ba zargi ba ne, aikinsa yake yi, amma kai ma lissafinka za ka yi.

Wanda ya fi buƙatar a zauna a kansa shi ne "kyauta" da ake mayarwa wata-wata. Tsarin yana tafiya haka: ana ɗora maka cikakken kuɗin sifikar a matsayin bashi, a raba shi cikin watanni, sannan kowane wata a saka maka ragi daidai da abin da ya kamata ka biya. Sifikar 120 a wata 24 tana nufin 5 kowane wata, ana cajin 5, ana cire 5, sai ka ga sifili a takardar biya. Amma ragin yana zuwa ne muddin layin yana raye kuma kana kan tsarin da aka gindaya. Idan ka bar kamfanin a wata na 10, ragin 50 kawai ka ci, ragowar 70 za ta faɗo maka gaba ɗaya. A wasu yarjeniyoyin, ko sauka ka yi zuwa tsarin data mai araha, ko ka biya ragowar bashin da wuri, ragin zai tsaya. Kuma a wurare da yawa harajin saye ana biyansa a ranar farko a kan cikakken farashi, ba a kan sifilin da ake nuna maka ba. Akwai kuma jinkiri: ragin yakan ɗauki zagaye ɗaya ko biyu na takardar biya kafin ya fara bayyana, don haka ka ajiye hoton tallar da takardar yarjejeniya, domin su ne hujjarka in bai zo ba.

Idan sharaɗin kyautar shi ne buɗe sabon layi, sa kuɗin layin gaba ɗaya a cikin farashin sifikar, sai fa in dama kana da niyyar buɗe shi. Layin da ake biyan 10 a wata na tsawon wata 24 ya ci 240, a ƙara kuɗin buɗewa, a ce 35, ya zama 275 a kan sifikar da ake sayarwa 110. Idan kuwa dama layin nan za ka buɗe ko da sifika ko babu, to kyautar ta tabbata kyauta, ka karɓa.

Ragin da ake bayarwa ta katin sayayya ko maki shi ma ba tsabar kuɗi ba ne. Katin da sai a shagonsu kawai yake aiki, kuma yana da ranar ƙarewa, ka ƙiyasta shi da abin da za ka saya da shi da gaske. In babu abin da kake buƙata a wurinsu, darajarsa a wurinka sifili ce.

Mataki na 4: Biya kaɗan-kaɗan

Biyan wata-wata ba tare da kuɗin ruwa ba sauƙi ne na lokaci, ba ragin farashi ba ne. Ninka kuɗin wata da yawan watanni, ka ƙara abin da za ka ajiye a ranar farko, da haraji, da kuɗin aikawa. Abin da ya fito shi ne farashin. Idan 12.50 ne a wata 12, to 150 ka biya, alhali kasuwa na kan 110. Bambancin 40 ɗin nan shi ne kuɗin jinkirin, ko da ba a kira shi da sunan ruwa ba.

Kafin ka sa hannu, yi tambayoyi huɗu a ba ka amsa a rubuce: me zai faru in na bar layin, nawa ne tarar jinkirin biya, ko zan iya biyan ragowar da wuri ba tare da na rasa komai ba, da kuma ko za a binciki tarihin bashina. Ka tuna bashin sifikar yana shiga takarda ɗaya da kuɗin layinka, saboda haka rashin biyansa yana iya jawo a datse layin kansa. Ra'ayina shi ne, ƙaramar sifika ba ta cancanci bashin da ya wuce wata 12 ba, domin garantinta galibi shekara ɗaya ce, kuma ba daɗi mutum ya riƙa biyan kuɗin abin da ya riga ya mutu.

Haka batun inshora. Idan ana cirar 3 a wata, cikin wata 24 ka biya 72, kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin sabuwa, kuma in ta lalace sai ka sake biyan wani kaso kafin a musanya. A ƙaramar sifika wannan ba ya fita. Duba takardar biya ta farko da kyau, domin irin wannan ƙari yakan shigo tare da sayayya in ba ka ce a cire ba.

Mataki na 5: Karanta bayanan kwali kamar mai gyara

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Ga abubuwan da ke nuna ko kayan sun kai kuɗinsu.

Ƙarfin sauti ana rubuta shi da wat, kuma lambar da ke da amfani ita ce mai alamar RMS, wato ƙarfin da sifikar ke iya riƙewa a kai a kai. Lambobi manya-manya masu alamar PMPO na talla ne, ba a kwatanta komai da su. Ko a RMS ɗin ma kada ka ɗauka wat 40 ta ninka wat 20 a kunne. Ninka ƙarfin lantarki yana ƙara desibel 3 ne kawai a ma'aunin ƙarar sauti, kuma kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka ana buƙatar kusan desibel 10, wato ƙarfi ninki goma. Saboda haka ƙarin kuɗi mai yawa don tashi daga wat 20 zuwa 30 ba lallai ya biya ba. Girman jiki da faɗin bakin sifikar sun fi tasiri a kan kaurin sauti, domin ƙugi yana buƙatar a tura iska mai yawa, abin da ƙaramin gwangwani ba zai iya ba komai sunan da ke jikinsa.

Batir yana da tarkonsa. Awannin da aka rubuta an auna su ne da matsakaiciyar ƙara. In ka ƙure ta, sifikar awa 12 tana iya ƙarewa a rabin haka ko ƙasa. Lambar mAh, wadda ke nuna yawan cajin da batir ke ɗauka, ita ma ba ta isa ita kaɗai, sai an haɗa da lambar bolt ɗin batirin. Ninka su ka raba da 1000 ka samu Wh, shi ne ma'aunin gaskiya. Batir mai 4800 a bolt 3.6 yana ba da kusan 17.3, mai 2600 a bolt 7.2 kuma yana ba da kusan 18.7. Ka ga wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi ɗaukar wuta. Batirin litiyam yakan fara raguwa a fili bayan caji cikakke 300 zuwa 500, kuma a yawancin ƙananan sifiku a rufe yake, ba a canza shi cikin sauƙi. Wannan ne ya sa tsohon kaya da ya daɗe a sito yake buƙatar kulawa: batirin da ya zauna shekara biyu ko uku babu caji yana iya yin rauni tun kafin a buɗe kwali. Nemi ranar ƙira in an buga ta.

Kariyar ruwa tana zuwa da haruffan IP da lambobi biyu, ta farko ta ƙura, ta biyu ta ruwa. IPX4 fantsama kawai take jurewa. IPX7 tana jure nutsewa zurfin mita 1 na minti 30, amma harafin X yana nufin ba a gwada ta da ƙura ba. IP67 ta haɗa duka biyun. Da ruwan daɗi ake wannan gwajin, don haka in ta shiga ruwan teku ko na wurin ninƙaya a ɗauraye ta, kuma kada a sa caja sai kafar ta bushe sarai.

Sauran abubuwan ana duba su da sauri. Kafar caji ta zama USB-C, wadda Tarayyar Turai ta wajabta wa irin waɗannan na'urori tun ƙarshen Disamban 2024. Mai tsohuwar kafa alama ce ta tsohon samfuri, dalilin neman ƙarin ragi ke nan. Da yawa daga cikin sababbi ba su da kafar igiyar sauti ta milimita 3.5, wasu ba su da makirufo na amsa kira, wasu kuma igiya kawai ke cikin kwali babu kan caja. Kada ka biya ƙari saboda aptX ko LDAC, wato wasu tsare-tsaren aika sauti ta Bluetooth, in wayarka iPhone ce, domin ita da tsarin AAC da SBC take aiki.

In kana da wata sifika a gida kuma kana son ka haɗa su su yi waƙa tare, tabbatar tsarin haɗinsu ɗaya ne. Ko a kamfani ɗaya yana bambanta. A JBL, Flip 4 tana amfani da Connect+, Flip 5 da 6 suna amfani da PartyBoost, Flip 7 kuma ta koma Auracast, kuma waɗannan ba sa haɗuwa da juna.

Sifika mai amsa umarnin murya ko mai aiki da Wi-Fi tana da ƙarin haɗari: rayuwarta a hannun manhaja da na'urorin kamfani take. Kamfanin Orange na Faransa ya fitar da tasa mai suna Djingo a 2019, ya daina sayar da ita a 2020. Idan sifikar tana ɗauke da sunan kamfanin sadarwar kansa, tambayi ko za ta ci gaba da aiki ta Bluetooth zalla in an rufe hidimar ko ka canza layi.

Bayan wannan, raba farashi da shekarun da kake sa ran za ta yi. Ta 40 da za ta mutu a shekara ɗaya ta ci 40 a shekara, ta 110 da za ta kai shekara huɗu ta ci 27.5.

Mataki na 6: Lokacin saye

Kamfanonin sadarwa sun fi yin ragi na gaske idan suna son kwashe tsohon samfuri daga kanta don sabo ya samu wuri, da lokacin da manyan wayoyi ke fitowa, da kuma rangwamen ƙarshen shekara irin na Black Friday a ƙarshen Nuwamba. A irin wannan kwashe-kwashen sukan sauka ƙasa da kowa, musamman a launin da bai samu kasuwa ba. In launi bai dame ka ba, duba farashin kowane launi daban. Duba kuma manhajar kamfanin, domin tayin tsofaffin masu layi yakan ɓuya a can, kuma farashin shafinsu na intanet yana iya bambanta da na shago, ballantana shagon dila mai amfani da sunan kamfanin. Nuna wa ma'aikaci farashin wani kanti a wayarka ka tambaya ko za su daidaita. Ba duka ke yarda ba, amma tambayar ba ta cin komai.

Mataki na 7: Gwaji kafin wa'adin mayarwa ya ƙare

Wa'adin mayar da kaya yakan kasance tsakanin kwana 14 zuwa 30, wasu kuma suna cire wani kaso in an buɗe kwali. Tambayi wannan kafin ka biya, ka rubuta ranar ƙarshe, ka ajiye kwali da rasit da duk abin da ke ciki. Bayan wa'adin, shago zai tura ka wurin kamfanin da ya ƙera ne, kuma garanti ba ya ɗaukar raguwar batir ta yau da kullum.

A ranar farko, kwatanta lambar da ke jikin sifikar da ta kwali, sannan ka haɗa ta da manhajar kamfanin da ya ƙera. Ta jabu galibi ba ta bayyana a manhaja. In akwai sabuntawar manhajar sifikar, yi ta tukuna. Cika batir, sa ƙara a rabi, ka bar ta tana waƙa har ta mutu, kana duba agogo. In ta ba da abin da ya gaza kashi biyu cikin uku na awannin da aka rubuta, sake gwadawa sau ɗaya, in ta maimaita ka mayar da ita.

Sannan ka sa waƙa mai ƙugi sosai, ka ɗaga ƙara zuwa kusan kashi 80. Ɗora yatsa a hankali a gefen jikinta da kan ragar gaba, kana saurare. Ƙarar zir-zir ko kaɗawa kamar an bar ƙusa a gwangwani tana nufin wani abu ya saki a ciki, kuma ba ya gyaruwa da kansa. Sa muryar mai magana ita kaɗai, ka ji ko kalmomi suna fita tas. Ɗauki wayar ka yi nisan mita 10 a fili babu bango, sauti bai kamata ya yanke ba. Kunna bidiyo ka duba ko baki da murya suna tafiya tare. Girgiza igiyar caji kaɗan a cikin kafarta, in fitilar caji tana ɗaukewa to kafar tana da matsala. Kada ka tsoma ta a ruwa da sunan gwaji, domin shago yana iya ƙin karɓar kayan da suka jiƙe. In ka mayar da ita, karɓi takardar shaida, kuma ka duba takardar biya ta wata biyu masu zuwa don tabbatar da an soke bashin da duk wani ƙari da aka ɗora tare da shi.